Perling mai jan ido: littafin bibiyar tsuntsayen bangon gidanmu a Serdang

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Shanya ce ta jawo wannan aiki. Tun da muka tare a wannan gida, hawa na huɗu na wani dogon bene a Serdang cikin jihar Selangor ta Malesiya, maman yara take kukan wasu baƙaƙen tsuntsaye suna ɓata mata wanki a baranda. Da na fita ranar Litinin in gane wa idona, sai na tarar ban da kashin akwai ƙwallayen 'ya'yan itace warwatse a kan siminti, tsaf da su kamar an tsotse an wanke. Karatun aikin gona ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma wanda ya saba da iri ba ya ganin ƙwaya a ƙasa ya tsallake. Na tsince su na zuba a murfin gwangwani.

Dattijon da ke ƙofar da ke kallon tamu, Bamalaye ne da ya yi ritaya, kowa a benen Pak Cik yake ce masa, wato kawu. Na nuna masa tsuntsun a kan wayar lantarki, ya ce sunansa perling mata merah, ma'ana perling mai jan ido. A littattafan masana sunansa Aplonis panayensis, daga sunan tsibirin Panay na ƙasar Filifin, kuma wani masanin halittu mai suna Scopoli ne ya fara rubuta bayaninsa a ƙarshen ƙarni na 18. Danginsu ɗaya da shayar da muka sani a gida, sai dai tamu ta fi shi girma kuma idonta rawaya ne. Shi tsawonsa bai wuce santimita 20 ba. Daga nesa baƙi ne wuluk. Idan rana ta faɗo masa ta gefe sai ka ga wani kore mai sheƙi ya bi jikinsa, irin ƙyallin rawani ɗan Kura da ya sha bugu, sai dai na rawani ya fi karkata ga shuɗi. Idon kuwa jawur, kamar ƙwayar idon zakara.

Abin da na ɗaura niyya: in gano me suke ci ta hanyar abin da suke zubarwa, in gano inda suke sheƙa, in bi su har ƙarshen shekara. Na ajiye tsohon faranti mai faɗi a ƙasan inda suka fi zama, na mayar da igiyar shanya ɗaya gefen. Zan riƙa kwashe farantin kowace safiya kafin in tafi makaranta.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Kwana goma na yi ina koyon raba su da maƙwabtansu. A harabar gidan akwai danginsu iri biyu da Malayawa ke kira tiong: ɗaya ruwan ƙasa mai rawayar fata a gefen ido, ɗaya kuma baƙi-baƙi mai ɗan tukku a goshi, wanda asalinsa daga tsibirin Jawa ne, ya shigo ta Singafo a matsayin tsuntsun keji ya bazu. Su waɗannan a ƙasa suke kiwo. Suna takawa a kan ciyawa da bakin kwata da ƙarƙashin teburan masu sayar da abinci, suna tsintar shinkafar da ta zube. Perling ba ya yin haka. A kwanakin nan ban ga ko ɗaya ya sa ƙafa a ƙasa ba. Daga rufi sai waya, daga waya sai ƙololuwar bishiya, kuma tashinsa miƙaƙƙe ne da sauri kamar an harba kibiya.

Na gyara wani kuskure a littafina. Masu farin ƙirji da zane-zanen baƙi da na rubuta a matsayin mata, ashe samari ne da ba su gama rikiɗa ba. Mace da namiji idan sun girma kamarsu ɗaya. Na bi shafukan baya na soke kalmar duk inda na sa ta.

Lahadi, 10 ga Maris

Sheƙa ta fara. Tun ranar Alhamis nake ganinsu da ciyawa da saiwoyi da ɗanyen ganye a baki, suna shiga bangon benen da ke fuskantarmu. Na ari madubin hangen nesa wurin wani abokin karatu na zauna na zana bangon a takarda, hawa-hawa, ina sa alama duk ramin da na ga an shiga da kaya. Na samu guda tara. Shida ramukan da aka huda ne don bututun na'urar sanyaya ɗaki, aka bar su ba toshi bayan an cire na'urar. Biyu suna ƙarƙashin rufi inda katako ya ɓalle. Ɗaya kuma a bayan akwatin wata na'ura da har yanzu take aiki, da zafinta da ƙararta.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a makon nan. A dawa tsuntsun nan mazaunin kogo ne: ramin bishiya, tsohon ramin da tsuntsu mai sassaƙar itace ya bari, gindin ganyen kwakwa can sama, ko tsagar dutse. Ba ya haƙa rami da kansa, wanda ya tarar yake shiga. To ga shi an sare daji an kafa benaye masu ramuka fiye da na kowace bishiya, an kuma shuka itatuwan ado masu 'ya'ya a bakin kowane titi. Shi ya sa daga arewa maso gabashin Indiya da Bangaladash, zuwa Malesiya da Indonesiya da Filifin, ya zama ɗan birni sosai, har a Taiwan inda ba ƙasarsa ba ce ya samu wurin zama bayan ya kuɓuce daga keji. A ganina benen nan a wurinsa wata ƙatuwar bishiya ce kawai, mu kuma masu zama a cikin kogunanta na ƙasa.

Suna son zama kusa da juna. Ramuka huɗu daga cikin taran suna jere a hawa ɗaya, tsakaninsu bai fi taku uku ba, kuma faɗan da nake gani a bakin rami yake tsayawa.

Alhamis, 21 ga Maris, 10 ga Ramadan

Azumi ya gyara mini lokacin aiki. A nan rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai, magariba kuma wajen bakwai da rabi, kusan haka duk shekara saboda kusancin ƙasar da tsakiyar duniya. Bayan asuba ina da sa'a guda cur ta zama a baranda, da yamma kuma hanyar kasuwar buɗa-baki ta bi ta wurin da suke kwana.

Makwancin na gano shi ne ranar uku ga Ramadan. Na bi layin da suke bi da yamma, duk suna nufar yamma maso kudu, har na iske wasu manyan itatuwa uku masu duhun ganye a gefen wani filin ajiye motoci. Tun wajen bakwai saura kwata suke fara isowa, biyar, goma, ashirin. Ba sa faɗawa bishiyar kai tsaye. Sai sun taru a kan eriya da wayoyi da bakin rufin shaguna, su yi layi, sannan wani gungu ya tashi gaba ɗaya ya zaga filin sau biyu ko uku, ya juya kamar an karkata tabarma, ya zube cikin ganye. Kukansu siriri ne mai ƙarar ƙarfe, kamar ana buga ƙaramin cokali a bakin kofin gilas, amma idan ɗaruruwa suka haɗa baki ba ka jin maganar wanda ke tsaye kusa da kai. Da aka kira salla a masallacin unguwa suna tsaka da hayaniya, kafin mu idar sun yi tsit.

Ƙidaya ta yi wuya. Na gwada lissafa su gungu-gungu yayin shiga, sau uku a ranaku uku, kowane lokaci ina wuce ɗari huɗu kafin duhu ya hana ni gani. Tiong ma suna kwana a wurin, amma sun fi zama a rassan ƙasa. Masu motoci sun san wurin sarai, ba mai ajiye mota a ƙarƙashin itatuwan nan ko da fili ya cika.

Masu ƙwai ba sa zuwa makwancin duka. A rami na uku da na bakwai ina ganin ɗaya ya shiga da magariba bai fito ba.

Talata, 2 ga Afrilu

'Yata ce ta tsinto shi a gindin bango da muka sauka da safe: rabin ɓawon ƙwai, shuɗi mai haske da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa mai duhu. Ta ce, "Abba, wa ya yi masa fenti?" Daidai ƙasan rami na uku ne. Da na koma sama na sa madubi, iyayen biyu suna shiga da abinci suna fita. An ƙyanƙyashe. Yawanci ƙwai uku suke yi.

Juma'a, 12 ga Afrilu

An yi salla ranar Laraba, makaranta na hutu, na samu sararin zama da abin da farantin ya tara na kusan wata biyu. Na jiƙa shi a ruwa, na tace da rariya, na baza a kan jarida, na ware iri-iri.

Kashi mafi yawa wata ƙwallo ce doguwa kaɗan mai tsaga-tsaga a jiki, ba ta kai ƙwallon dabino ba. Na sa guda uku a aljihu na fita neman uwarsu. Ban yi nisa ba. A bakin ƙofar shiga unguwa akwai jerin wata kwakwar ado mai siraran jiki da ke fitowa a cunkushe, 'ya'yanta jajaye a nono-nono. Na ɓare ɗaya, ƙwallon ciki ya yi daidai da na aljihuna. Ita ce Ptychosperma macarthurii, asalinta daga Niyu Gini da arewacin Ostireliya, masu ƙawata gari suka baza ta ko'ina. Na tsaya a wurin rabin sa'a. Perling ya sauka a kan nonon, ya ja ɗa ɗaya, ya ɗaga kai ya haɗiye shi ɗungurungum, ya ƙara biyu, ya tashi. Sauran labarin a barandata na gan shi tun tuni ban gane ba: ya zauna shiru na ɗan lokaci, ya buɗe baki, maƙogwaro ya motsa, ƙwallon ya faɗo a goge. Naman ya wuce ciki, ƙwallon ya dawo ta baki. Shi ya sa nake samunsu tsaf, ba a cikin kashi ba.

Kashi na biyu ƙwallo ce mai zagaye, baƙa, ta wata kwakwar da ganyenta ke kama da wutsiyar kifi, Caryota mitis. Wannan sai da ta koya mini hankali. Na ɓare 'ya'yanta da hannu don in gwada, cikin minti biyu yatsuna suka kama ƙaiƙayi kamar na taɓa ƙarara. Naman yana ɗauke da wasu ƙananan allurai na gishirin oksalet masu shiga fata. Tsuntsun kuwa haɗiyewa yake yi lafiya lau. Daga yau da safar hannu zan riƙa aiki.

Sauran su ne 'ya'yan gwanda kaɗan, da wasu ƙwayoyi ƙanana kamar riɗi da suka fito daga cikin kashin kansa, waɗanda na tabbata na ɓaure ne. Na shuka kowane kashi a ledar reno daban, da kwanan wata a jiki.

Wani abu kuma daga jiya. An yi ruwa mai ƙarfi da la'asar, irin na wannan lokaci mai zuwa da tsawa, bayan ya ɗauke shinge ya tashi daga filin ƙwallo. Nan take perling suka bar 'ya'yan itace suka koma cafkar shinge a iska, suna kaiwa ramuka baki cike. Ɗan tsuntsu mai tsiron gashi yana bukatar abin gina jiki fiye da abin da 'ya'yan itace za su ba shi, kuma iyayen ba su bar wannan garaɓasa ta wuce ba.

Litinin, 29 ga Afrilu

'Ya'yan rami na uku sun fita ranar Laraba, su biyu. Suna zaune a kan indararo suna karkaɗa fukafukai, ana ɗura musu. Ranar Juma'a hankaka ya ɗauke ɗaya a gaban idona. Hankakan nan ba irin namu mai farin ƙirji ba ne, wuyansa toka-toka ne, kuma shi ma baƙo ne: daga Sri Lanka aka kawo shi yankin Klang fiye da shekara ɗari da suka wuce don ya cinye tsutsar da ke ɓarna a gonakin kofi. Manyan perling kusan goma suka bi shi da ihu har bayan bene, bai saki ba. Abin ya taɓa ni, don tun suna leƙe daga bakin rami nake kallonsu. Ɗayan yana nan, ya fara bin gungu.

Asabar, 18 ga Mayu

Beringin ɗin bayan masallaci ta nuna. Ɓaure ce, Ficus benjamina, wanda ya san cediya zai ga kamar a ganye da saiwoyin da ke saukowa daga rassa. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar gujiya. Kwana biyar ke nan bishiyar tana motsi tun daga fitowar rana, kuma farantina ya canja gaba ɗaya: ƙwallon kwakwa ya ragu ƙwarai, kashin ya koma cike da ƙwayoyin ɓaure.

Yau na zauna a ƙarƙashinta daga bakwai da kwata zuwa tara. Perling suna zuwa ne a gungu, su mamaye gefe ɗaya, su ci da gaggawa har da rataya kai ƙasa a kan siraran rassa, sannan wani ya yi ƙara su tashi gaba ɗaya, bayan minti kaɗan su dawo. Samari masu zanen ciki sun kusa rabin kowane gungu yanzu. Tare da su akwai wasu ƙananan tsuntsaye da Malayawa ke kira merbah, da wani rawaya mai baƙin zane a ƙeya, da koren kurciyoyin da ake kira punai.

Punai da perling suna cin abu ɗaya, amma amfaninsu ga bishiyar ya bambanta. Ƙundun punai yana niƙe yawancin ƙwayoyin. Na perling yana barinsu su fita da rai, a can nesa da inuwar uwarsu. Ga kuma halin ɓaure: kowace bishiya da lokacin nunarta, saboda ƙananan zanzaron da ke yi mata barbara suna bukatar samun wata mai fure a kowane lokaci. Don haka a kowane wata akwai wata ɓaure da ta nuna a wani lungu na gari, kuma tsuntsu mai saurin tashi irin wannan ba ya rasa ta. Da na ɗaga kai a hanyar komawa sai na lura da abin da na yi wata biyar ina wucewa: 'yar ɓaure mai ganye shida ta tsiro a tsagar bango a hawa na biyar, daidai ƙasan rami na bakwai.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ranar Talata na dawo na tarar da ma'aikata a kan igiya suna toshe ramukan bangon da siminti. Masu kula da ginin ne suka turo su, saboda ƙorafin kashi da hayaniya. Ƙorafin gaskiya ne, a gidana aka fara yin sa. Amma ramuka uku suna da 'ya'ya na zagaye na biyu a ciki, kuma an riga an rufe ɗaya kafin in iso. Iyayen suna ta dawowa da abinci a baki suna dafe sabon simintin har magariba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da safe na roƙi Pak Cik ya raka ni ofis, don harshen Malay ɗina bai kai na roƙo ba. Na tafi da zanen bangon da kwanakin da na rubuta. Bukata ɗaya na kai: a bar rami na biyu da na takwas har 'ya'yan su tashi, sannan a toshe, nan gaba kuma a riƙa yin aikin bayan an duba ramin babu kowa. Matar da muka samu ta duba takardar da kyau, ta yi waya, ta ce an ba da mako uku. Pak Cik ya ƙara da cewa ɓauren da ke tsagar bango ita ce ya kamata a cire da wuri, don saiwarta na fasa gini. Ya yi gaskiya, na kuma goyi bayansa.

Lahadi, 14 ga Yuli

'Ya'yan ramukan biyu sun tashi lafiya kafin wa'adi, uku da biyu. An toshe. Yanzu sheƙa biyu na ƙarƙashin rufi kaɗai suka rage, sauran ma'auratan sun koma benen da ke bayan namu, inda na riga na ga ramuka huɗu da ake shiga.

Ledojin reno: gwanda ta fito tun cikin mako na uku, har na dasa biyu a bayan gida da izinin mai shara. Ɓaure ta fito kamar gashi, siririya, na rage ta zuwa biyar. Kwakwar ado ta yi shiru wata biyu da rabi har na fara tunanin zubar da ƙasar, sai ga tsinin farko ranar 1 ga wata. Yau bakwai ne cikin ashirin da na shuka. Kuskurena shi ne ban shuka na gwaji a gefe ba, wato ƙwallayen da na ɓare da hannuna waɗanda ba su bi ta cikin tsuntsu ba. Na gyara yau: ashirin daga faranti, ashirin daga bishiya da namansu, ashirin daga bishiya a wanke, ƙasa ɗaya, ban ruwa ɗaya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Rubutun digiri ya ɗauke ni wata biyu, faranti kawai nake kwashewa. Jiya na koma makwanci da yamma na tarar da baƙi. A cikin layin da ke kan waya akwai wasu da suka ɗan fi perling ƙanƙanta, kai da ciki toka mai haske, baya mai duhu, da farin zane a fiffike, idonsu baƙi. Su ne Agropsar sturninus, masu hayayyafa a gabashin Mongoliya da kudu maso gabashin Rasha da arewa maso gabashin Sin, suna gudo wa sanyin can su yi watanni a nan har wajen Maris. Sun shiga itatuwan tare da 'yan gida, kuma hayaniyar ta ƙaru sosai.

A sabon gwajin, na faranti da na wankakku sun fara tsiro kusan tare, masu nama a jiki kuwa yawancinsu sun yi fumfuna. Zan ci gaba da ƙidaya har ƙarshen Nuwamba kafin in rubuta adadi. Gobe da yamma zan koma filin motoci da Pak Cik, shi ya ƙirga masu farin ƙirji ni in ƙirga baƙaƙe. Na kuma nemi izinin rataya akwatunan katako biyu a bayan ɗakin shara kafin Fabrairu, an ce in kawo zanensu da awonsu ranar Litinin.